Zuwa Gida Kirsimeti da Ƙananan Yara: Abin da Bakin Ruwan Warra Ya Koya Mini

Shekarar da ɗana na biyu ya cika uku, ranar Kirsimeti da la'asar, muka neme shi muka rasa a gidan da manya sun fi talatin. Ni na ɗauka yana wurin kakarsa. Kakarsa ta ɗauka ƙanwar maigidana ce ta goya shi. Ita kuwa ta ce ai ɗazu ta gan shi yana bin babansa, babansa kuma yana can gindin mangwaro ana ƙarasa rabon naman watanda, bai ma san ana cigiya ba. Wata 'yar maƙwabta ce ta ce ta ga ya bi yara sun yi kwata, wato bakin ruwa. Ban san lokacin da na yar da ludayin hannuna ba. Na tarar da shi zaune cikin wani kwale-kwale da aka ɗaure, ya sunkuya ta baki yana miƙa hannu zai kamo 'yan kifayen da ke yawo a gefe. Yaran da ya biyo sun yi gaba abinsu. Takalminsa sabo, ƙafa ɗaya tana kan yashi, ɗayar tana lilo a ruwa.

Ni ba 'yar bakin ruwa ba ce, aure ne ya kawo ni wata tunga kusa da Warra, kuma daga birni muke tasowa duk Disamba. Tun daga wannan ranar na canza yadda muke zuwa. Abin da na gane shi ne, a gidan yawa kowa yana ganin yaro, amma babu wanda yake riƙe da shi. Ana cewa ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne wajen tarbiyya da ciyarwa. Wajen tsaro kuwa, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan ya taso.

Tun kafin a ɗaura kaya

Shirin yana farawa a watan Nuwamba, ta waya. A samu mutum ɗaya a cikin 'yan'uwa, wanda ake jin maganarsa, ya tattara lissafi: su wa za su zo, da yara nawa, shekarunsu nawa, wace rana za su iso, wace rana za su koma. Wannan lissafin shi ke faɗa muku ɗaki nawa za a share, gidan sauro nawa ake bukata, buhu nawa na shinkafa za a casa. A nan ne kuma ake yanke maganar kuɗi. Kada a bar ta sai an hallara, domin maganar kuɗi a gaban tukunya ba ta taɓa ƙarewa lafiya. A gidanmu na birni suna kawo kuɗin nama da mai da kayan miya da sukari, na gida suna kawo shinkafa da dawa da itace da kifi, kuma ana faɗin wannan a fili don kada wanda ya ba da buhu biyu daga rumbunsa ya ji kamar bai yi komai ba saboda bai ƙirga takarda ba. Idan za a shiga watanda, a biya da wuri. Sa yakan yi tsada idan bikin ya matso.

Ku riƙo tsabar kuɗi, har da canji ƙanana. Masu POS suna nan a Warra da Yelwa, amma a makon biki kuɗinsu kan ƙare, sabis kuma yana iya ɗaukewa a daidai lokacin da kuke tsaye gaban mai kifi.

Hanya kuwa, ko ta Kontagora kuka biyo ko ta Yelwa, dokar ɗaya ce: a fita da asuba, a isa da rana tsaka. A kira gida daren jajiberin tafiya a tambayi lafiyar hanya, a kuma tambayi direbobin tasha, su ne suka fi kowa sanin inda aka kwana. Wanda ya san rashin tsaron da yankin nan ya gani a shekarun baya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Idan motar ta makara har ta kai ba za a shiga gari da haske ba, a kwana a hanya wurin 'yan'uwa. Kaka za ta yi ƙorafi cewa tuwo ya huce, amma za ta haƙura. A cikin mota, jakar yaro daban take, kuma a kan cinya take zama: ruwan sha, abin taɓawa, zani biyu, leda, kayan canji. Ƙurar hunturu a kan hanyar Ngaski tana shiga har cikin kunne, don haka a tanadi ɗan mayafi mara nauyi da za a rufa wa jariri.

Abubuwan da ba na barin birni sai da su: gidan sauro na kowace shimfiɗa da igiyar ɗaura shi, rigunan sanyi da huluna da safa, man shafawa mai kauri ko man kaɗe, fitila mai caji, maganin zazzaɓi na yara da cokalin awonsa, ƙullin gishiri da sukari na asibiti, ƙwayar zinc, da katin rigakafin kowane yaro. Fo na yaro ma yana cikin kaya. Yaron da ya saba da masai na zama yakan ji tsoron bakin shadda, ya riƙe cikinsa kwana uku, sannan a rasa abin da ke sa shi kuka.

Kowane yaro da mai shi

Ga abin da muke yi yanzu, kuma ba ya cin ko kwabo. Daren da aka gama hallara, bayan an ci tuwo, sai surukata ta zauna a kan tabarmarta a kira yara duka. Duk yaron da bai kai shekara bakwai ba, sai a ambaci babba ɗaya da zai riƙe shi, a gaban kowa, a kuma gaya wa yaron. Babba nake nufi, ba 'yar shekara tara ba. 'Yar shekara tara tana iya goyo, tana iya rarrashi, amma da ta ji ganga a ƙofar coci ta manta da abin da aka ba ta. Wanda aka ba yaro, idan zai tashi, ba ya cewa “ku duba mini shi” ga taron mata. Sai ya kama hannun yaron ya sa a hannun mutum ɗaya, ya ce, “Gwaggo, ga shi nan a hannunki har in dawo daga kasuwa,” ita kuma ta amsa da baki. In ba ta amsa ba, ba a miƙa ba.

Uwar da ke kan murhu ba ta riƙon yaro a wannan yinin. Wannan shi ne wurin da aka fi samun gardama, domin an saba uwa ita ce da girki ita ce da goyo. Amma mai tuƙa tuwon mutum hamsin idonta yana kan tukunya. Saboda haka mazan gidan suna shiga rabon, kuma da farko ba su so ba. Yayan maigidana ya ce shi bai taɓa ganin inda aka ba magidanci raino ranar biki ba. Surukata ta dube shi ta ce, “To, ɗauki muciya, ita ta ɗauki yaron.” Ya zaɓi yaron.

Ana ƙirga yara sau uku a yini: da safe wurin koko, da rana wurin abinci, da kuma gab da magariba. Ƙirga da suna, ba da ido ba. Na magariba shi ne mai muhimmanci, domin a lokacin ne manya suka gaji, baƙi suna shiga suna fita, ƙofar gida a buɗe.

Ruwa

A nan zan daɗe, domin a nan ne ɗan birni ya bambanta da ɗan gida. Yaran tunga sun tashi da ruwa, ɗan shekara shida yana tuƙa kwale-kwale yana tsaye. Naku ya ga haka sai ya ɗauka abin wasa ne, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce bai iya ba.

Tafkin nan ba tun asali yake ba. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya taru ya cinye garuruwa da gungu da gonaki, aka tashi mutane fiye da dubu 40 aka sake musu matsuguni. Tsohuwar Busa tana ƙarƙashinsa. Itatuwan da ke wurin ma suna ƙarƙashinsa, kututturansu na nan har yau, kuma su ne ke fasa jirage. Wani abin da baƙo ba ya sani shi ne Disamba ba lokacin janyewar ruwa ba ne a nan, ko da yake rani ya shiga. Ruwan da ya sauka a tsaunukan ƙasar Gini tun damina yana ɗaukar watanni yana ratso Mali da Nijar, sai a watannin sanyi yake isowa. Don haka tafkin a cike yake. Inda yaronku ya taka yashi ya yi wasa da kuka zo hutun Ista, yanzu yana iya shanye babba.

Dokarmu: babu yaron da ke zuwa kwata sai da mai riƙonsa, kuma mai riƙon yana tsaye inda hannunsa zai kai gare shi. Ba a zama cikin jirgin da aka ɗaure, domin igiya tana da tsawo, iska kuma tana tura shi. Yaro idan ruwa ya ci shi ba ya ihu, ba ya fantsama yadda ake zato, shiru yake nutsewa, cikin ɗan lokacin da za ki juya ki gaisa da wata. A cikin gida ma haka ne: baho cike da ruwa, ko bokitin wanki, ya ishi mai rarrafe. A kife su in an gama, a rufe randa, a duba murfin rijiya tun ranar isowa. Inda kuma aka ce dorina tana fitowa, a yarda da masu wurin. Mutanen Yauri ba tatsuniya suke yi ba idan suna maganarta.

Wanka a tafki kuwa ni na hana nawa gaba ɗaya, ko da a gefe ne. Dalili shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin dodon koɗin da ke cikin ciyawar bakin ruwa, tana shiga ta fata, ba sai an sha ba. A ɗebo ruwan rijiya ko na burtsatse a ɗumama a yi musu wanka a gida, da hantsi idan rana ta ɗaga. Za a ce kin cika iyayi. An ce mini, ban mutu ba.

Idan ziyarar ta haɗa da ƙetarawa, wataƙila akwai dangi a gungu ko a ɗaya gaɓar ta wajen Borgu, to a nan ba a jin kunyar kowa. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya ɗauko mutum fiye da 150 da kaya ya tarwatse a ruwan nan kusa da Warra, waɗanda aka ceto da rai kaɗan ne ƙwarai, kuma da wuya ka sami unguwar da ba a yi zaman makoki ba. Ku dubi jirgi kafin ku shiga. Idan an ɗora babura da buhuna har bakinsa ya kusa shafar ruwa, ku sauko ku jira na gaba, ko da kun riga kun biya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare a ruwa, ta kuma wajabta rigar ceto. Ta manya ba ta yi wa yaro, zamewa yake yi ta ƙasa ya bar ta tana yawo. Ni na sayi ƙanana guda uku a birni na ajiye su a ɗakin surukata, duk wanda zai ƙetara da yaro yana ɗauka. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a hango ɗaya gaɓar, a fasa. A aika da gaisuwa ta waya, a je bayan biki.

Sanyi, sauro da ciki

Mutane suna ganin sanyi ya shigo sai su ce sauro ya tafi. A bakin ruwa bai tafi ko'ina ba. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar cutar, kashi 49 cikin ɗari, mafi yawa a duk Najeriya. Shi ya sa da aka fara allurar rigakafinta a Disamba 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. A ɗaura gidan sauro tun da rana, kafin gajiya ta zo, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. Yara su sa dogon wando da riga mai hannu da zarar rana ta faɗi, wanda dama sanyi zai sa su so hakan.

Sanyin asuba a bakin tafki yana shiga ƙashi, kuma a nan ne tsofaffi ke shigo da kaskon gawayi ɗaki don jikoki. Niyya mai kyau ce, amma hayaƙin gawayin da ba a gani a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci. A ɗumama ɗakin da ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. Janareta ma can nesa da taga. Akwai kuma wani abu na gidajen masunta: fetur ɗin injin jirgi da ake zubawa a gorar lemo a ajiye a bayan ƙofa. Yaran gida sun san shi. Naku zai ga gorar da ya saba sha. Ranar isowa ki zaga ɗakuna da idon mai rarrafe, ki ɗage fetur da kananzir da maganin feshi da ƙugiyoyin kamun kifi zuwa sama.

Ruwan shan yara a tafasa, a zuba a jarka mai murfi, a ce wannan ta yara ce. Idan gudawa ta zo duk da haka, a fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take. In ƙullin asibiti ya ƙare, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ya ƙi shan komai, ko idonsa ya faɗa, ko jikinsa ya yi zafi har yana fizga, ba a jiran gari ya waye, ba a kuma jiran a gama biki. Tun kafin ranar, ku san wane asibiti ne mafi kusa, wa ke da babur ko mota mai mai a ciki, kuma a ina yake kwana.

Tukunya

Girkin Kirsimeti daga ranar 23 yake farawa: cincin, suyar gyaɗa, jiƙon gero na kunun zaki, niƙa. Ranar 24 yanka da suyar nama. Mu a gidanmu maƙwabcinmu Musulmi muke kira ya yanka, kuma dalilin a bayyane yake. A ƙasar Yauri da wuya ka sami zuriyar Kambari ko Gungawa ko Lopawa da ba ta haɗa Kirista da Musulmi ba, wani gidan har da mai bin al'adar gargajiya. Ƙanin surukina Musulmi ne, 'ya'yansa da jikokinsa suna yini tare da mu, kamar yadda namu ke yini a wurinsu da Sallah. Abincin da wani ɗan gida ba zai iya sa hannu a ciki ba, bai cika na gida ba. Kwanukan maƙwabta su ake fara zubawa, da an dawo daga coci, kuma yara ne ke kaiwa, kowane ayari da babba ɗaya a baya.

Yara ba sa iya jiran abincin biki. Shinkafar mutum hamsin ba ta sauka kafin azahar, ɗan shekara biyu kuwa cikinsa bai san Kirsimeti ba. A ɗora ƙaramar tukunya tun da safe dominsu, a rage yaji, a ciyar da su kafin manya. Rabin kukan da ake ji ranar biki yunwa ce, sauran rabin barci.

Kifi shi ne daɗin wurin nan, kuma shi ne abin lura. Giwan ruwa da tarwaɗa da ragon ruwa suna da tsoka mai kauri, ƙayarsu manya ce, ana iya cire ta da hannu, su ake ba yara. Karfasa ma babba tana yi idan an bi ta a hankali. Faliya da shawa kuwa ƙaya ce ƙanana birjik, a bar wa manya. Warangi a daka shi a miya. Kuma a zauna a cire wa yaro ƙaya da rana, ba a hasken tocila ba.

Wurin murhu a yi masa iyaka, ko da turmi da benci ne, kada yaro ya ƙetare. Man suya da aka sauke ya fi wutar kanta haɗari, domin ba ya nuna yana da zafi. Gidan da ake dafa burkutu kuma, a ware wurin masu sha can gefe, kuma wanda ya zauna a wurin a karɓi yaron da ke hannunsa a ba wani, ba tare da an mai da abin magana ba.

Coci, da abin da ke biyo baya

Ko UMCA kuke, wadda mishan ɗinta ya daɗe a Salka da Yelwa da Tungan Magajiya, ko Katolika a ƙarƙashin Kontagora, ko ECWA, ko Baptis, sujadar Kirsimeti a ƙauye doguwa ce. Za a karanta labarin haihuwar daga Luka da Matiyu, Zumuntar Mata za su fito da ankonsu da tulunsu da cakinsu, matasa za su yi nasu, 'yan makarantar Lahadi za su kawo hadda da wasan kwaikwayo, baiko kuma layi-layi ake yinsa da rawa. Wani wurin a yi wa'azi da Hausa a maimaita da Kambarci. Mai ƙaramin yaro ta zauna kusa da ƙofa, da ruwa da ɗan abin ci a jaka, ta fita da shi inuwa idan ya gaji. Sabon takalmi a sa masa kwana biyu kafin ranar don ya saki. Sujadar dare ta ranar 24 kuwa, ni ba na kai 'yan ƙasa da shekara biyar. Mutum biyu suna zama da su a gida, ana karɓa-karɓa duk shekara don kada ya zama kullum amaryar gidan ce ke rasa sujada.

Fitowa daga coci ita ce sa'ar ɓatan yara. Ana gaisawa, ana ɗaukar hoto, samari suna fasa banga, 'yan acaɓa suna gudu. Kowa ya kama hannun nasa tun daga bakin ƙofa. Yawon barka da Kirsimeti na manyan yara ne, a faɗa musu gidajen da za su shiga da lokacin dawowa, a kuma ce musu hanyar kwata ba ta cikin yawon.

Sai maganar tsaraba, wadda ta fi ɓata zumunci fiye da yadda ake zato. Idan naki sun fito da kaya kala uku da mota mai batir, na gida suna tsaye da riga ɗaya, yaran ba za su ce komai ba, iyayensu mata ne za su riƙe abin har baɗi. Mu yadi ɗaya muke saya a ɗinka wa jikokin gidan duka, a aika da shi tun farkon Disamba saboda tela. Abin wasa kuma a kawo wanda ake yi da yawa, ƙwallo ko igiyar tsalle ko ludo. Wanda yaro ba zai iya ba wani aro ba, a bar shi a birni.

Za a yi wa ɗanki faɗa, wataƙila a gabanki. Za a ba shi alewa bayan kin hana. Kaka za ta tauna nama ta sa masa a baki. Zaɓi abin da za ki tsaya a kai: ruwa, wuta, magani, duka. A kan waɗannan ba sassauci, amma ta bakin ɗan gidan za a faɗa, wato maigidanki ya gaya wa mahaifiyarsa cikin ladabi, a keɓe. Sauran ki kau da kai, kwana biyar ne. Kafin a zo kuma a koya wa yara durƙusawa, da kiran kowa da sunan girmansa, Kaka, Baba Babba, Gwaggo, Kawu, Inna, da gaisuwa ko guda biyu cikin harshen gidan. Ranar da 'yata ta fari ta gaida kakan babanta da Kambarci, a karkace, tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya jawo ta ya zaunar a gefensa, ya shiga ba ta labarin garinsu na da, inda kasuwa take, inda kukar take, yana nuna tsakiyar ruwa da sandarsa. Ba ta gane rabin abin da ya faɗa ba, amma har yau idan muka tsaya a gaɓa sai ta nuna wa ƙannenta wurin. Ku bar wa irin wannan zaman fili da yamma, a kashe waya. Waɗanda suka ga tashin 1968 da idonsu saura kaɗan.

Komawa

Kada a tsai da tafiya ranar 26, kowa a gajiye yake, motoci kuma sun yi wuya. A bar kwana ɗaya ko biyu a taya wankin tukwane, a mai da tabarmi da kujerun aro, a biya bashin mai niƙa. Abin da za a bar wa tsofaffi a ba su a ɗaki, a hannu, ba a tsakar gida ba. Gidajen sauro da ragowar magani a bar su a nan, amma a nuna wa mai karatu a gidan yadda ake awon na yara. Bandar kifi da albasar Yauri da za a cusa muku a but, a naɗe kifin a takarda kafin leda, in ba haka ba gumi zai sa ya yi fumfuna kafin ku kai Kontagora.

Bayan an koma, a sa ido mako biyu. Duk zazzaɓin da ya taso a wannan tsakanin a je a yi gwaji, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya cewa daga bakin Kainji aka dawo. Tsargiya ita ba ta gaggawa, sai bayan wata biyu ko uku ake iya ganin jini a ƙarshen fitsari, lokacin an manta da tafiyar. Tana da magani, praziquantel, kuma da nauyin yaro ko tsayinsa ake auna shi, don haka a asibiti za a karɓa. A tambayi yaron kai tsaye ko ya shiga ruwa, a tambaye shi ba da tsawa ba. Nawa sai a watan Maris ya faɗa mini cewa shi da 'yan'uwansa sun yi iyo sau biyu a bayan gonar albasa, ranar da aka ba kawunsu riƙonsu.